Idan An Cuce Ka Ta Intanet: Yadda Ake Adana Hujja Da Bin Doka A Ƙasashe Masu Tasowa

Ƙararrakin laifukan intanet da dama tun ranar farko suke lalacewa, a hannun wanda aka cuta, kafin lauya ko ɗan sanda ya ji labari. Wani ya goge saƙon barazana don takaici, wata ta toshe ɗan damfara ba ta kwafi adireshin shafinsa ba, wani kuma kunya ta sa ya kwana biyu bai kira banki ba. Dokoki kam akwai su. Indiya ta yi tata tun 2000, Uganda a 2011, Najeriya da Tanzaniya a 2015, Pakistan a 2016, Kenya a 2018, Nijar a 2019, Ghana da Afirka ta Kudu a 2020. Sai dai shari'a tafiyar hawainiya take yi, bayanan intanet kuwa ba sa jiran kowa. Kuɗi kan bar asusu cikin mintuna, shafin bogi kan ɓace a dare ɗaya. Aikin da ke gaban mutum a sa'o'in farko shi ne ya riƙe duk abin da hannunsa zai iya kaiwa, domin idan doka ta iso ta tarar da abin da za ta yi aiki da shi.

Idan kuɗi ne suka fita, banki kafin 'yan sanda

'Yan damfara ba sa barin kuɗi a asusun da aka tura musu. Sau da yawa asusun ma na aro ne, na wani da aka ba ɗan lada ya ba da katinsa, kuma da kuɗin sun faɗo sai a rarraba su zuwa wasu asusun, a cire wasu a hannun wakilai, a mayar da wasu kuɗin kirifto. Abin da ake iya ceto shi ne abin da aka tarar bai bar asusun farko ba. Don haka ka kira bankinka ko kamfanin walat ɗin wayarka nan take, da lambar da ke bayan katinka ko cikin manhajarsu, ba wadda aka turo maka a saƙo ba. Ka tanadi abu huɗu kafin ka kira: lambar shaidar cinikin da ke kan rasit, adadin kuɗin, rana da lokaci har minti, da sunan bankin da lambar asusun da suka karɓa. Ka nemi a rufe katinka, a kuma aika wa bankin da ya karɓa buƙatar riƙe kuɗin. Kada ka ajiye waya sai an ba ka lambar koke, sannan ka bi da imel ko wasiƙa a ranar, domin kiran baki ba ya barin sawu.

Akwai bambancin da ya kamata ka faɗa daidai. Idan wani ne ya yi kutse ya cire kuɗi ba da saninka ba, wannan ciniki ne marar izini, kuma alhakin banki a kai ya fi nauyi. Idan kuwa kai ka tura da hannunka bayan an yaudare ka, bankuna kan ce umarninka suka bi. Kada ka canja labari don ya yi maka daɗi, rumbun bayanan banki zai nuna wayar da aka yi amfani da ita da lambar sirrin da aka shigar, kuma ƙarya ɗaya kan rushe koken gaba ɗaya. Wasu ƙasashe sun gina hanya ta musamman don wannan gaggawa. Indiya tana da layin 1930 na kai rahoton damfarar kuɗi, Babban Bankin Brazil kuma ya fito da tsarin mayar da kuɗin zamba a manhajar biyan kuɗi ta Pix a 2021. Inda babu irin wannan, babban bankin ƙasa yakan karɓi koke idan bankinka ya yi shiru bayan wa'adin da aka gindaya masa.

Wayar da sabis ɗinta ya ɗauke haka kawai alhali na kusa da kai suna da sabis, alama ce ta an sauya sim ɗinka zuwa hannun wani. Wanda ya riƙe layinka shi ke karɓar lambobin tabbatarwa na banki. Ka sa a rufe layin da asusun banki a lokaci guda, ka je ofishin kamfanin sadarwa da katin shaida, ka kuma nemi su rubuta maka rana, lokaci da wurin da aka yi sauyin. Wannan takarda takan fi komai amfani daga baya, saboda ita ke nuna sakacin wane ne.

Wajen canja kalmomin sirri, a fara da imel, domin ta nan ake sake buɗe sauran. Idan WhatsApp aka ƙwace, sake yin rajista da lambarka da shigar da lambobi shida da za a turo ta saƙon tes yana fitar da ɓarawon. In ya riga ya kafa tasa lambar sirrin mataki na biyu, za ka jira kwana 7 kafin ka shiga ba tare da ita ba.

Wani abu a gefe: bayan damfara, wasu kan ɓullo da sunan ƙwararrun dawo da kuɗi ko jami'an bincike, su nemi kuɗin aiki. Damfara ce ta biyu, kuma sau da yawa daga bakin ta farko suka sami lambarka.

Yadda ake ɗaukar hujjar da za ta tsaya

Sikirinshot shi kaɗai hujja ce mai rauni, domin yaro ma zai iya ƙirƙirar na bogi, kuma lauyan wanda ake tuhuma ya san haka. Abin da ke ƙarfafa shi shi ne abin da ke kewaye da shi. Ka ɗauki hoton fuskar wayar gaba ɗaya, kada ka yanke gefe, kada ka zana da'ira ko ka shafe wani wuri a kan na asali. In kana son nuna wa lauya wurin da ya fi muhimmanci, yi hakan a kan kwafi. Ya fi kyau ka naɗi bidiyon fuskar wayar: ka fara daga inda rana da lokaci suke bayyana, ka buɗe manhajar, ka shiga shafin mutumin, ka gangara a hankali cikin hirar daga farko har ƙarshe. A WhatsApp, sunan da ka ajiye mutum da shi ba ya tabbatar da komai, ka buɗe bayanansa lambar wayar ta fito da lambar ƙasarta. Akwai kuma zaɓin fitar da hira gaba ɗaya zuwa fayil, wanda ke ɗauke da rana da lokacin kowane saƙo.

A Facebook, Instagram, TikTok da X, suna da hoto ana canja su cikin daƙiƙa. Abin da jami'in bincike zai tura wa kamfanin shi ne adireshin shafin da adireshin kowane rubutu. Ka kwafe su ɗaya bayan ɗaya ka ajiye a takarda guda. Koken da ya ce wani mai suna kaza ya zage ni a Facebook, ba tare da adireshi ba, kusan ba a iya komai da shi, domin masu wannan sunan suna da yawa. Idan imel ne, kada ka tura shi gaba kawai, hakan yana zubar da bayanan kan saƙon da ke nuna hanyar da ya biyo. Ka sauke asalin saƙon a matsayin fayil. Haka hotuna: wanda aka tura ta WhatsApp a matsayin hoto yakan rasa bayanan da kyamara ta rubuta a cikinsa, amma idan aka tura shi a matsayin takarda sukan tsira.

Sai ka gama wannan duka za ka kai rahoto ga dandalin ka toshe mutumin. Mutane da yawa suna juya tsarin, su tara abokai a yi ta danna rahoto har a sauke shafin, sannan su je wurin 'yan sanda hannu rabbana. A WhatsApp, danna rahoto yana aika wa kamfanin saƙonni 5 na ƙarshe, amma ka lura da zaɓin da ke goge hirar daga wayarka a lokaci guda.

Wayar kanta hujja ce. Kada ka sayar da ita, kada ka mayar da ita sabuwa fil, kuma ka kashe zaɓin saƙonni masu ɓacewa idan a kunne yake. Dokokin shaida na ƙasashe da yawa suna tambayar na'urar da ta fitar da bayanin. Sashe na 84 na Dokar Shaida ta Najeriya ta 2011 yana buƙatar a nuna cewa na'urar tana aiki daidai a lokacin, da takardar shaida mai bayyana na'urar da yadda aka fitar da bayanin, da sa hannun wanda ke da alhakinta. Indiya ta daɗe da irin wannan sharaɗi a sashe na 65B na tsohuwar dokar shaidarta, kuma sabuwar dokar shaidarta da ta fara aiki a 2024 ta ci gaba da shi. Hujja ta gaskiya takan faɗi a kotu saboda rashin wannan takarda mai shafi ɗaya, don haka ka rubuta samfurin wayar, lambar IMEI ɗinta (lambar shaidar wayar da ta bambanta ta da kowace waya), da ranar da ka ɗauki kowane abu tun yanzu da kake tunawa.

Mai son ƙarin kariya ya lissafa zanen yatsan kowane fayil da tsarin SHA-256. Lissafi ne da ke fitar da jerin haruffa da lambobi 64 daga fayil, kuma ko ɗigo ɗaya aka canja, jerin zai sauya gaba ɗaya. Windows, Mac da Linux duk suna da umarnin yin sa a cikinsu. Ka tura wa lauyanka jerin ta imel a ranar, ta yadda ko bayan shekara biyu za a iya tabbatar da cewa ba a taɓa fayil ɗin ba. A ajiye kwafi biyu a wurare daban, ɗaya ba a kan wayar ba.

Inda sauran hujjar take, da dalilin jinkiri

Abin da ke wayarka rabin labari ne. Wanda ya buɗe shafin, da imel ko lambar da ya yi rajista da su, da adireshin IP (lambar da ke nuna haɗin intanet ɗin na'ura) da ya shiga da shi, duk suna hannun kamfanin, kuma manyan kamfanonin a Amurka suke. Ba sa ba ɗaiɗaikun mutane bayanan wani. Hukumar bincike ce ke nema, kuma mataki biyu ne. Na farko buƙatar adana bayanai, wadda dokar Amurka ta tanadi kwana 90, ana iya ƙara wasu 90. Wannan ba ya buƙatar doguwar hanya, Meta (mai Facebook, Instagram da WhatsApp) da Google suna da ƙofofin intanet na jami'an tsaro don haka. Na biyu shi ne miƙa bayanan, kuma idan abin da aka rubuta a cikin saƙonni ake so, galibi sai an bi yarjejeniyar taimakon shari'a tsakanin ƙasa da ƙasa, wadda kan ɗauki watanni. Saƙonnin WhatsApp kuwa a kulle suke daga waya zuwa waya, kamfanin ma ba ya iya karanta su, shi ya sa kwafin da ke hannunka ba shi da madadi.

Saboda haka tambayar da ta fi muhimmanci ka yi wa jami'in da ke riƙe da fayil ɗinka ita ce: an aika buƙatar adana bayanai, kuma yaushe? Ka sa wannan roƙo a rubuce cikin takardar kokenka. Jami'in ƙaramin ofishi mai yiwuwa bai taɓa yin sa ba, shi ya sa ya fi kyau a nufi sashen laifukan intanet kai tsaye. A Najeriya akwai cibiyar laifukan intanet ta rundunar 'yan sanda da hukumar EFCC, kuma Babbar Kotun Tarayya ce ke sauraron laifukan da ke ƙarƙashin dokar 2015. A Ghana hukumar tsaron intanet tana karɓar rahoto ta lamba 292.

Ko an sami adireshin IP, aiki bai ƙare ba. Kamfanonin wayar salula sukan haɗa ɗaruruwan masu amfani a kan adireshi ɗaya a lokaci guda, don haka ba za a gane mutum ba sai da ainihin lokaci har daƙiƙa, da yankin agogon da aka rubuta shi, wani lokaci har da lambar ƙofar haɗin. Kuskuren sa'a ɗaya tsakanin agogon duniya na UTC da agogon gida ya isa a kama wanda bai san hawa ba bai san sauka ba. Su ma waɗannan bayanai suna da wa'adi. Dokar Najeriya, alal misali, ta wajabta wa kamfanonin sadarwa ajiye su shekara 2, wasu ƙasashe ƙasa da haka.

Idan mai laifin yana wata ƙasa, yarjejeniyoyi ne ke yanke hukuncin ko za a kai gare shi. Yarjejeniyar Budapest ta 2001 kan laifukan intanet ta kafa wakilan tuntuɓa masu aiki dare da rana, kuma Morishas, Senegal, Maroko, Ghana da Najeriya suna cikinta. Yarjejeniyar Malabo ta Tarayyar Afirka an amince da ita a 2014, amma sai a 2023 ta fara aiki bayan ƙasa ta 15 ta tabbatar da ita. Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince da tata a Disamban 2024. A aikace, ƙaramar damfara ta ƙetare ba kasafai ake bin ta har ƙarshe ba, amma rahoton yana da amfani, domin asusun da aka yi koke goma a kansa ya fi saurin jan hankali.

Takardar koken kanta kada ta wuce shafi biyu: wane ne kai, me ya faru bi da bi da rana da lokaci, adiresoshi da lambobin asusu, asarar da aka yi, da jerin hujjojin da aka haɗa, kowace da lambarta. A bar zagi da zato. Ka karɓi kwafi mai hatimin karɓa. Idan an riƙe wayarka don bincike, ka nemi takardar da ke nuna samfurinta, lambarta da sunan wanda ya karɓa.

Hotunan tsiraici da barazanar fallasa

A nan biyan kuɗi ba ya kashe wuta, yana nuna wa mai barazanar cewa akwai abin tatsa. A daina amsa masa, a adana hujja kamar yadda aka bayyana, a rufe jerin abokai daga idon baƙi. Wanda ya kai shekara 18 zai iya amfani da shafin intanet na StopNCII, wanda ke lissafa zanen yatsan hoton a kan wayarsa ba tare da hoton ya fita ba, ya raba lissafin da dandalin da ke cikin tsarin domin su tare shi. Na ƙasa da 18 akwai shafin Take It Down. Dukansu ba sa kaiwa cikin saƙonnin da ke kulle. Dokokin Ghana da Afirka ta Kudu na 2020 sun ambaci yaɗa irin waɗannan hotuna ba da izini ba a matsayin laifi ƙarara. Idan hoton na yaro ne ko yarinya, kada a ɗauki sikirinshot, kada a tura wa kowa ko da da niyyar neman taimako, domin mallakarsa da tura shi laifi ne a kansu. A rubuta adireshi da lokaci, a kai wayar ga hukuma.

Manhajojin bashi masu aika wa duk lambobin wayar mutum saƙon tozarci suna da wata ƙofa daban, wato hukumar kare bayanan sirri. Kenya ta yi dokarta a 2019, Najeriya a 2023. Koke a nan ba ya buƙatar lauya, kuma bashin da ake bin ka bai halatta musu taɓa lambobin mutanenka ba. Tun 2023 ma Google ya hana manhajojin bashi da ke shagonsa neman izinin shiga lambobin waya da hotuna.

Kaifin dokar na biyu

Dokokin nan da ke kare ka su ne kuma ake kama mutane da su saboda magana. Matsalar ita ce kalmomi masu faɗi a cikin dokokin, irin su saƙon da ke ɓata rai ko tayar da hankali, waɗanda mai iko zai iya shimfiɗa su a kan kowace suka. Kotun Ƙolin Indiya ta soke sashe na 66A na dokar ƙasar ta 2000 a 2015 saboda haka, Kotun Tsarin Mulkin Uganda ta soke sashe na 25 na dokarta a 2023. Kotun ECOWAS ta yanke a 2020 cewa sashe na 24 na dokar Najeriya ya saɓa wa 'yancin faɗin albarkacin baki, aka kuma taƙaita shi a gyaran 2024. Nijar ta cire ɗauri kan ɓata suna ta intanet a 2022, gwamnatin soja ta mayar da shi a 2024. Wannan na nufin kafin ka dogara da wani sashe, ko a tsorata ka da shi, a duba ko har yanzu yana nan yadda yake. A Indiya an ci gaba da tuhumar mutane da 66A shekaru bayan soke shi, har sai da Kotun Ƙoli ta sake tsawatarwa.

Ga wanda aka cuta, haɗarin a fili yake. Wallafa hoto da lambar wanda kake zargi da sunan faɗakar da jama'a zai iya jawo maka ƙarar ɓata suna, musamman da yake mai asusun da ya karɓi kuɗin ko mai hoton da ke shafin sau da yawa ba shi ne ɗan damfarar ba. Shiga asusun wani don neman hujja, ko da ka san kalmar sirrinsa, kutse ne a ƙarƙashin kusan dukkan dokokin nan. Tura saƙon da wani ya rubuta ma wallafawa ce a dokar ɓata suna. In dole ne ka yi magana a fili, ka tsaya kan abin da ya same ka da abin da takardunka suka nuna, ka bar hukunci.

Idan kuma kai aka gayyata saboda wani rubutu, ka nemi a faɗa maka dokar da sashen da ake tuhumarka da shi, ka je da lauya, ka sanar da wani inda za ka da lokacin da ka shiga. Kada ka goge rubutun bayan gayyata ta iso kafin ka yi shawara da lauya, domin ana iya fassara shi da lalata hujja, kuma mai ƙara ya riga ya ɗauki kwafi. Ka adana cikakken rubutun da abin da ya gabace shi da abin da ya biyo baya, tunda jimla ɗaya da aka yanko ita ake kawowa. Kada ka sa hannu a bayanin da ba ka karanta ba ko wanda aka rubuta da harshen da ba ka ji sosai, kuma idan aka nemi buɗe wayarka, lauya ya tambayi umarnin kotun da ya ba da izinin binciken da iyakar abin da ya ƙunsa.